Goyon Suruki a Tekun Konakiri

Ko da na so in manta da ranar nan, ba zan taɓa mantawa ba, domin matata Hajiya tana raye kuma Allah ya hore mata baki. Duk baƙon da ya kwana biyu a gidanmu nan Malanville sai ya tafi da labarin kamar guzuri. Shi ya sa na ga gara in ba da shi da kaina, ko na rage gishirin da take zubawa.

Ni dai mutum ne da ya taka ƙasa. Cinikin albasa ya kai ni Kwatano da Lome da Akra da Abijan tun gemuna bai gama fitowa ba, na san Yamai kamar yunwar cikina, na sauke farali har sau biyu. Ina jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci, Faransancin lakwal, wato makarantar boko, bai gudu ya bar ni ba, ina da Yarbancin ciniki da Larabcin tambayar hanya. Amma abin da na fi tinƙaho da shi ba ya cikin waɗannan. Ni ɗan masunta ne. A bakin kogin Kwara aka yanke mini cibi, mahaifina kuwa ya fi daɗewa cikin jirgi a kan cikin ɗakinsa. In ana maganar ruwa a majalisa, ni ake waiwaya. (Gaskiyar magana ina da shekara goma sha huɗu na bar jirgi na koma buhun albasa, amma wannan ba kasafai nake tuna wa mutane ba.)

Ɗiyata ta fari tana aure a Konakiri, inda aiki ya kai mijinta. Kun dai san yadda muke da ɗan fari. Shekararta talatin da shida a lokacin, bakina bai taɓa kama sunanta ba. In tana kusa "ke" ce, in ba ta nan "yarinyar nan". Mijinta kuwa ɗan gidan mutunci ne daga Gaya, tsallaken gada. Shekara goma sha ɗaya da auren, bai taɓa ganin ina tauna ba, bai taɓa ganin kaina ba hula ba. In ya zo gaisuwa, takalmi a ƙofa, gwiwa a ƙasa, ido a kan tabarma. A zamanin da samari ke gaida surukansu a tsaye, hannu ɗaya riƙe da salula, ni ina da wanda ko tarina ya ji sai ya sauya hanya. Wannan kunyar da ke tsakaninmu ita ce dukiyar da na fi tattali, kuma ita na kwasa na kai bakin teku.

Su suka aiko mana da takardun jirgin sama. A gidansu komai ya tafi daidai, don an ware mini ɗaki, abinci yana iske ni can, in ci in rufe kwano ba wanda ya ga bakina. Kwana na huɗu yarinyar ta shigo ta durƙusa.

"Baba, ya ce gobe za a kai ku tsibirai shan iska. Guda uku ne, ana zagaya su rana ɗaya."

Na ce, "Iskar gidanga ta ƙare ne?"

Hajiya ta ce, "Alhaji, don Allah ka yi shiru a kai mu. Kai ka ga duniya. Ni daga Makka sai Parakou."

Na yi shiru. Kuskuren farko ke nan.

Da sassafe, tun ban karya ba, aka ɗebe mu zuwa tashar jiragen ruwa. Na sha farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, na kafa hula, na riƙe baƙar lemata, don ba zan fita tare da suruki kamar mai zuwa gona ba. Jirgin na katako ne mai inji, ya fi namu na Kwara tsawo amma bai kai su kyan ƙira ba. Mai jirgin wani baƙin dattijo ne siriri, ɗan ƙasar, ba mu da harshen da ya haɗa mu sai Faransanci. Ya miƙo mini wata jar rigar roba wai ta ceto. Na mayar masa. Na ce ya ba mata. Hajiya ta sa tata, ta karɓi tawa ta rungume.

A wurinmu tsibiri, wato gungu, wurin aiki ne. Ana shuka shinkafa, Fulani suna kai shanu da rani, masunta suna shanya kifi. Mai hankali ba ya kwanciya kan yashi da tsakar rana sai in ciwo ya kayar da shi. To a tsibirin farko abin da na tarar ke nan: mutane sun keto hazo daga ƙasashensu, sun biya kuɗin jirgi da na otal, don kawai su zo su kwanta a rana. Sun shafe jikinsu da mai, in gefe ɗaya ya gasu su juya ɗayan. Ko kifin banda sai an juya shi, waɗannan su ke juya kansu. Tufafin da ke jikinsu duka, maza da mata, in an haɗa an ɗinke, ba su kai hannun rigata guda ba. Ina zan sa idona? Hagu astagfirullah, dama astagfirullah, gaba ga suruki. Sai na sauko da lema har ta rufe mini fuska, na yi yawon buɗe ido ina kallon ƙarafunan lemata.

Nan aka fito da burodi da shayi a buta. Na ce na ƙoshi. Hajiya ma surukinta ne, ita ma kunyar ta hau kanta, amma mace da ɗakinta take yawo. Ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe kanta, sai dai na riƙa ganin mayafin yana motsi.

A tsibiri na biyu aka sa mu hawan tudu, da gwiwar nan tawa, don mu kalli wani tsohon ginin Turawa da ya rushe, itatuwa sun fito ta tagoginsa. A Malanville in gini ya faɗi, ko a gyara ko a kwashe tubalin a yi wani abu da shi. Nan kallonsa ake zuwa yi, har da ɗaukar hoto. Na je Misira a hanyar hajji ban sauka kallon kaburburan Fir'auna ba, sai ga ni ina haki a kan kangon da ko akuya ba ta kwana ciki. Zufa ta jiƙa shaddar ta manne mini a baya. Surukina yana gefe, taku biyar a bayana kullum, yana cewa, "Sannu, Baba." Aka fasa kwakwa. Na ce na ƙoshi.

Wajen tsakar rana muka isa tsibiri na uku, wanda aka ce shi ne ya fi kyau. Ni dai yashi na gani da itatuwan kwakwa da wasu masu kwanciyar, kamar na farko. Abu ɗaya na lura da shi: ruwan ya yi nisa da gaɓa, sai da muka sauka muka taka jiƙaƙƙen yashi mai faɗi kafin mu kai inuwa. Aka shimfiɗa tabarma guda ƙarƙashin itace guda, aka kawo shinkafa da gasasshen kifi, irin kifin da ƙamshinsa kaɗai ya isa ya karya wa mutum azumi. A lokacin yunwa ta fara sa ni ganin taurari. Surukina, Allah ya yi masa albarka, ya gane. Ya tashi ya ce zai ɗan taka. Amma bakin tekun nan kamar faifai yake, ba lungu ba saƙo. Ya je can ya tsaya ya ba mu baya yana kallon ruwa kamar wanda aka kora daga aji, abincinsa yana hucewa saboda ni. Hakan ya fi ci mini rai.

Sai na hango wasu baƙaƙen duwatsu can cikin fili, wajen ruwa, tafiyar taku ɗari da wani abu a kan yashi. Na ce a raina, ga ɗaki Allah ya gina. Na ɗauki kwanona da butar ruwa da lema, na ce wa Hajiya a hankali, "Ki ce ya dawo ya ci abinci." Ta ɗauka cikin ƙauyen tsibirin zan shiga in nemi masallaci. Yarinyar da mijinta kuwa suka kau da kai, don ba a bin dattijo da ido in ya tashi da kwano. Haka na tafi ba wanda ya san inda na nufa.

Sai mai jirgin. Na iske shi bakin ruwa yana shirin tura jirginsa, zai kai wasu mutane wani tsibirin ya dawo ya ɗauke mu bayan la'asar.

Ya ce, "Alhaji, ina zuwa?"

Na nuna duwatsun da lema.

"Kada ka daɗe can. Ruwan nan dawowa yake yi."

Na ce, "Yaushe? Da damina?"

Ya ce, "Yau. Kafin la'asar."

Ba wai ban taɓa jin cewa teku yana gaba yana baya ba. Na ji, kamar yadda na ji cewa duniya tana juyawa. A Kwatano na sha tsayawa bakin teku, in ya matso taku uku ne ko huɗu, ya koma. Na ɗauka irin zuzutawar da direbobi ke yi wa baƙo ce don a san sun san hanya. Na yi masa murmushin manya na ce, "Abokina, tun ba a haife ka ba nake cikin jirgi." Ya dubi tumbina, ya dubi lemata, ya dubi kwanon shinkafa. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye." Ya tayar da injinsa.

Duk da haka ban yi sakaci ba, ku shaida. Na yi abin da mahaifina ya koya mini. A Kwara, in kana son ka san halin da ruwa ke ciki, sanda kake kafawa daidai inda ruwa ya tsaya, ka tafi harkarka. In ka dawo ka ga ruwa ya hau sandar, kogi yana cika, ka kwashe kayanka daga gungu. In ka ga ya bar ta a tudu, kogi ya fara janyewa, kuma in Kwara ya fara janyewa, to ka yi shimfiɗa ka kwanta, ba zai waiwayo ka ba sai bayan watanni. Na samu wani ƙiraren icce na kafa a bayan duwatsun, na zauna inda ba mai ganina, na buɗe kwano.

Ban san na taɓa cin abinci irin na ranar nan ba. Hannu baka hannu ƙwarya, har kan kifin sai da na tsotse. Na yi gyatsa wadda da suruki ya ji ta da sai na bar ƙasar. Na je na duba sandata. Ruwa ya bar ta da kusan taku guda. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ka ji mai jirgi, ruwan ma tafiya yake yi.

Na yi alwala da ruwan buta na sallaci azahar. Daga nan Shaiɗan ya zo da shawara mai kyau. Ba kowa, ga ruwa, ga jiki ya yi tsami tun safe. Na tuɓe babbar riga da 'yar ciki da wando, na cire hula, daga ni sai gajeren wando. Na shanya su kan yashi na danne da ƙananan duwatsu, yadda masu wanki ke yi a bakin kogi garinmu, salulata tana cikin aljihun rigar. Na shiga ruwa iya gwiwa na watsa. (Ruwan banza ne, in ka fito ka fi ɗazu danƙo.) Na hau wani faffaɗan dutse, na kafa lema a tsaga, na ce bari in ɗan miƙe kafin kaya su sha iska. Ga ƙoshi, ga inuwa, ga iska. Barci ɓarawo ne.

Sanyi na ji a diddigena. Na buɗe ido na ga ruwa yana lasar ƙafata a kan dutsen da na hau da ƙyar. Na tashi zaune. Yashin da na shanya kaya babu shi. Sandar babu ita. Takalma da kwano da buta, babu. Can nesa na hango babbar rigata ta kumbura tana lilo a kan ruwa kamar mushen saniya da ambaliya ta ɗauko. Hulata tana gaba da ita, a tsaye cak, ta kama hanyar Amurka. Wandon kuwa har yau ban san inda ya nufa ba.

Na zagaya ta ɓangaren gaɓa. Filin da na tako da ƙafata ɗazu ya zama kogi, kuma kogin da ba shi da gaba ba shi da baya. Namu ruwan daga sama yake zuwa ya yi ƙasa, ka san inda za ka tare shi. Wannan ta ko'ina yake zuwa. Na ce ai ni ɗan masunta ne. Na sauka. Taku na uku ruwa ya kai mini ƙirji, wata igiyar ruwa ta mare ni na sha gishiri har ta hanci, ɓawon kawa da ke jikin dutse ya yanke mini tafin ƙafa. Iyon da na iya ina yaro na neme shi na rasa, ashe ya daɗe da bin jirgin mahaifina. Na rarrafo na koma kan dutsen. Nan ido ya raina fata.

Ina hango su sarai ƙarƙashin itacensu. Hajiya da yarinyar a zaune, shi yana ɗan nesa da su. Sai da na tsaya na yi lissafi, wallahi, tsakanin nutsewa da surukina ya gan ni haka, ga sanƙo ga tumbi ga gajeren wandon da ya jiƙe. Ruwa ya hau idon sawuna, lissafin ya ƙare.

Na ɗaga lema ina kaɗawa. Na yi kiran ceto da Faransanci. Wasu Turawa da ke kwance suka ɗago mini hannu cikin fara'a, ɗaya har ya ɗaga kwalbarsa. Na yi da Hausa, na yi da Dandanci, na yi da Zabarmanci. Har Yarbanci na gwada, ban san wa nake sa ran zai amsa ba. Wani rediyo yana ta kiɗa a wata rumfa, kowa ya ɗauka wani tsoho ne daɗin teku ya ɗebe shi yana rawa. Na ƙwala kira, "Hajiya." Na ga ta ɗago, ta sa hannu a goshi ta duba, sannan ta juya mini baya ta ja mayafi. Daga baya na ji abin da ta ce wa yarinyar: "Kada ki duba can. Wani tsoho ne marar kunya ya tuɓe shina kiran matan mutane." Shekara arba'in muna tare, ba ta gane ni ba, don ba ta taɓa ganina a waje ba hula ba.

Ruwa ya kai ƙwauri. Harshe shida a bakina, ba wanda ya yi mini rana. Abin da ya rage shi ne in kira wani da sunansa, yadda za su san mai kiran nasu ne. Sunan Hajiya na yanka, ko ita sai ta yi tunani kafin ta tuna shi. Sunan suruki, gara ruwan. Saura ɗaya.

Na cika ƙirjina da iska na kira ɗiyata da sunan da na raɗa mata da kaina ranar suna. (Ba zan rubuta shi nan ba, sau ɗaya ya isa.) Ban maimaita ba. Na ga ta miƙe zumbur kamar wadda kunama ta harba, ta ɗora hannu a ka. Ita ta gaya mini daga baya cewa ba ta ga kowa ba, muryar kawai ta ji, ta ce a ranta in dai Baba ya kira sunana to mutuwa ce ta zo.

Mijinta ya hango ni a kan dutse ya gane, ya fizgi wani zane da Hajiya ta shimfiɗa, ya naɗa a kansa, ya faɗa ruwa da kayan jikinsa. Dogo ne, ruwan bai wuce masa ƙirji ba. Ina kallonsa yana kutsowa, ina addu'a biyu masu karo da juna, Allah ya kawo shi, Allah ya makantar da shi na ɗan lokaci. Da ya rage kamar taku goma tsakaninmu sai ya tsaya. Ya juya mini baya. Da baya da baya ya ƙaraso, yana laluben ƙasa da ƙafa, igiyar ruwa tana dukansa, bai waiwayo ko sau ɗaya ba. Da ya iso gindin dutsen sai ya durƙusa, ruwa ya kai masa haɓa.

"Baba, ina wuni."

Me zan ce? Na ce, "Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Wata igiya ta zo ta rufe shi ruf, hannunsa kaɗai ke sama riƙe da zanen. Ya ɓullo yana tari, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Ya baƙunta, Baba?"

"Alhamdu lillahi."

(Allah ya taimake ni bai ce ya ruwa ba, don na san bakina, da sai na ce ya yi gyara.)

Ya miƙo zanen ta bayansa. Atamfa ce ta ankon wani biki, kore, da zanen manyan kaji rawaya. Na ɗaura ta a ƙirji kamar mai jego.

Ya ce, "Baba, ku hau bayana."

Na ce, "Je ka kira mai jirgi."

"Bai komo ba, Baba. Ruwan kuma ƙaruwa shikai. Ku yi haƙuri ku hau."

Na hau. Shekara hamsin ina ɗora wa 'yan dako buhun albasa, ban taɓa tunanin abin da buhun ke ji ba sai ranar. Hannu ɗaya na shaƙe wuyan surukina, ɗaya riƙe da lema, don ita kaɗai ta rage mini cikin dukiyata kuma na rantse ba zan bar wa tekun nan ita ba. Nauyina da na babban buhu ba mu da nisa. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, ƙafarsa tana zamewa, amma duk taku biyu sai ya ce, "Sannu, Baba." Shi ke ɗauke da ni, shi ke yi mini sannu. A tsakiya wata igiya ta kusa kifar da mu, na ƙanƙame kansa, na ji bakina yana cewa, "Riƙe ni, ɗana, riƙe ni." Ya ce, "Na riƙe, Baba."

Kafin mu kai gaɓa duk masu kwanciyar nan sun tashi. Abin da kururuwata ta kasa yi, goyona ya yi. Suka yi layi a bakin ruwa, kowa ya ɗaga salula, da muka fito suka kama tafi. Ranar nan na yi da-na-sanin jin harsuna, domin duk abin da aka faɗa na ji shi. Wata Baturiya ta dafe ƙirji tana ce wa mijinta ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba, ɗa ya goyo ubansa. Mijin ya ce wataƙila al'adarsu ce. Wata mai sayar da kifi ta faɗi wani abu da harshensu aka kwashe da dariya, shi kaɗai ne ban ji ba, kuma na gode Allah.

Surukina bai sauke ni ba sai bayan itace. Ya durƙusa na sauka, ya miƙe ya tafi can ya ba ni baya yana matse rigarsa. Yarinyar tana kuka tana dariya, ta rasa wanda za ta riƙe. Hajiya ta dube ni daga sanƙo har zuwa kajin da ke ƙirjina.

Ta ce, "Ashe kai ne."

Na ce, "Ni ne."

"To ka bi mini zane a hankali, sau ɗaya na ɗaura shi."

Mai jirgin ya dawo a kan lokacinsa, ya kawo jirgi har kusa da itacen, don yanzu ruwa ya iso nan. Duwatsuna kuwa ko kansu ba a gani. Ya dube ni ya dubi wurin. Bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya miƙo mini jar rigar robar nan. Na karɓa na sa a kan atamfar, na ɗaure igiyoyinta duka. Haka na shiga Konakiri. A hanyar gida wani jandarma ya tsayar da motarmu, ya leƙo, ya gan ni, ya ce mu wuce bai tambayi takarda ba.

Na ɗauka shi ke nan, abin da na gina shekara goma sha ɗaya ya bi wandona. Mutumin da ya goye ka, ya ji tumbinka a gadon bayansa, ya ji kana kiransa ɗana cikin tsoro, me ya rage da zai ji nauyinka a kai? Na kwana ina jiran ranar da zai gaishe ni a tsaye. Washegari da safe na ji an ajiye takalmi a ƙofar ɗakina. Ya shigo ya durƙusa, ido a kan tabarma, ya yi ina kwana, ya tambayi gajiyar tafiya kamar daga kasuwa muka dawo. Sabuwar shadda da hula suna ninke a gefe, bai nuna su ba, bai ce daga ina suke ba. Har yau, shekaru sun shuɗe, bai taɓa ambaton ruwa a gabana ba. Ko ruwan sha ne, matarsa yake sa wa ta tambaye ni. Ni na zubar da mutuncina a teku, shi ya tsamo shi ya mayar mini, bai ko duba abin da ya tsamo ba.

Yarinyar ce kawai ta nemi ta ci riba. Ranar da za mu taho ta rako mu, ta matso kusa ta ce, "Baba, ka ƙara faɗi sau guda, in ji da kyau." Na ce, "Ke, tafi can."

Darasin da na samu ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da shadda mai tsada. In mai jirgin wani gari ya gaya maka halin ruwansu, ka ce to, ko da kakanka ne ya haƙa kogin garinku. In kuma kunya ta sa za ka ɓuya, ka ɓuya inda in ka yi kira za a gane ka, kuma duk zafin da ake yi, ka bar wandonka a jikinka.